Idan yunwa ta kama ka a Kano: rumfar mai tuwo, teburin mai shayi, ko gidan gilashi?

Motar farko da ke zuwa Kano daga garinmu tana barin tasha ana idar da sallar asuba. Ta biyo ta Ringim, ta ratsa Gezawa, kafin rana ta yi zafi an sauke mutum a 'Yankaba. Yawancinmu da ɗan kokon da aka kurɓa a tsaye ake fitowa, wani ma bai samu ko shi ba. Sai an gama zagayen Singa da Kantin Kwari, an ɗaure kaya, an yi azahar, sannan ciki ke fara kira. A lokacin ne za ka ga mutumin karkara ya tsaya a bakin titi yana waige-waige. Ga masu abinci ko'ina, amma bai san ko ɗaya ba.

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu. Bana ya fara zuwa sarin kayan shago shi kaɗai, bayan shekarun da ya yi yana bi na. Daren da zai koma karo na biyu ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, ni fa ba ciniki ne ke ba ni tsoro ba, abinci ne. Wancan zuwan shinkafa na ci a wani wuri, kwana uku ina fama da ciki." Na fahimce shi sarai, domin ni ma na sha irin wannan wuyar kafin in koyi kallon wurin cin abinci.

A gida ba ma wannan tambayar. Yarinyar da ta kawo tallan ɗanwake, ka san uwarta, ka san rijiyar da suke ɗiban ruwa, ka san ko gidan masu tsabta ne ko a'a. Idan waina ta yi tsami fiye da kima, kafin la'asar magana ta isa kunnen mai ita, gobe ta gyara. Sanayya ce ke tsare mana ciki ba tare da mun lura ba. Ita ce kuma abin da ba mu da shi idan mun shiga birni. Don haka duk dabarar da zan faɗa a nan hanya ce ta aron sanayyar waɗanda suke da ita, wato mutanen da ke cin abinci a wurin kullum, kuma gobe ma nan za su dawo.

Na fara da rumfar mai abinci ta cikin kasuwa, domin a nan mafi yawanmu ke ƙarewa, kuma a nan ne ake samun mafi kyau da mafi muni a layi ɗaya. Benci biyu ko uku, rufin buhu ko kwano, manyan tukwane, Hajiya a zaune da mara da ludayi, yara na kai kwanuka shaguna. Tuwon shinkafa da miyar taushe, tuwon masara da kuka ko kuɓewa, shinkafa da miya, taliya, garau-garau da mai da yaji, wani lokaci dambu. Wannan shi ne abincin da ke riƙe mutum har ya koma gida, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin ɗan sari ba.

Kafin ka dubi tukunya, dubi benci. Su wa ke zaune? Idan 'yan dako ne da yaran shago da masu tura kura, suna kiran mai abincin da sunan da suka saba, tana zuba wa kowa ba tare da ta tambaye shi me yake so ba, to ka samu wuri. Ɗan dako ba ya wasa da cikinsa, domin ranar da ya kwanta ranar ba shi da ko sisi. Idan abincin wata ya taɓa kayar da shi, ba zai sake komawa ba, kuma zai faɗa wa 'yan'uwansa. Alama ta biyu da na fi yarda da ita ita ce yaran da ke zuwa da kula ko kwanon samira daga shagunan manyan 'yan kasuwa. Alhajin da ke da kuɗin da zai aika a sayo masa abinci daga ko'ina a Kano, amma ya zaɓi wannan rumfar shekara da shekaru, ya gama yi maka bincike.

Akwai bambanci babba tsakanin mai abincin cikin kasuwa da ta bakin tasha, kuma ba don ɗaya ta fi ɗaya tsoron Allah ba. Ta cikin kasuwa masu cinikinta ba sa canzawa, dole ta riƙe su. Ta bakin tasha, ko 'Yankaba ce ko Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, yawancin masu cin abincinta matafiya ne. Wanda ya ci yau, cikinsa ya murɗa a hanyar Gumel, ba zai dawo ya yi ƙorafi ba, wataƙila ma bai san abin da ya jawo masa ba. Wannan ba ya nufin babu na kirki a tasha. Akwai su, amma sai ka bi direbobi da 'yan kamasho. Kowace tasha tana da rumfar da su ke ci, sau da yawa a can baya, ba wadda ke bakin ƙofa tana kiran fasinja ba. Matambayi ba ya ɓata. Ka ce da direban da ya kawo ka, "Malam, ina kuke cin abinci a nan?" Zai nuna maka, wani ma ya ja ka ku tafi tare.

Sai lokaci, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne ya kayar da ƙanena. Ya bari sai da ya gama komai, wajen ƙarfe huɗu, sannan ya nemi abinci. Shinkafar da ya samu tun hantsi aka sauke ta. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa wadda dahuwa ba ta gamawa da ita. Muddin shinkafar na da zafi sosai, ba ta motsi. Da zarar ta huce ta koma ɗumi-ɗumi, sai ƙwayar ta farfaɗo, ta hayayyafa, ta saki dafi, kuma dafin nan ko an sake ɗumama shinkafar ba ya mutuwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a cikin firji ba, idan kuwa za a ajiye shi da zafi to ya haura digiri 60. Ka tuna kuma da zafin Kano a watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40. Kular da aka yi ta buɗewa ana rufewa tun safe ba ta riƙe wannan zafin. Ga ido shinkafar lafiya lau take, ba wari, ba yauƙi.

Saboda haka rumfar da tukunyarta ke ƙarewa da wuri ta fi wadda abinci ke jiran mutane. Idan ka zo ka tarar ana layi, ana sauke tukunya ana ɗora wata, tururi na dukan fuskar mai zubawa, kada layin ya kore ka. Gara ka jira minti goma a nan da ka zauna a rumfar da ba kowa, mai ita na korar ƙuda da mafici. Ni dai tsarina shi ne in katse ciniki tsakanin sha biyu da rabi zuwa ɗaya da rabi in ci, in yi sallah, sannan in koma. Idan kuwa na makara, to na bar shinkafa da wake da taliya ke nan, sai in nemi abin da za a dafa ko a gasa a gabana. Miya tana da sauƙin ganewa: wadda ke kan gawayi tana ɓararraka ba ta da matsala, wadda mai ya kwanta a samanta ya fara daskarewa a gefen tukunya ta daɗe da sauka.

Abu na gaba shi ne ruwa. Ka ɗan leƙa inda ake wanke kwanuka, ba a ɓoye yake ba, galibi yana gefen rumfar. Idan baho biyu ne ko uku, na kumfa daban na ɗauraya daban, kuma ruwan ɗaurayar ana ganin ƙasansa, to mai wurin ta san abin da take yi. Idan baho ɗaya ne da ruwan da ya koma kalar miya, ana tsoma kwano a ciro a zuba maka tuwo, ka yi haƙuri ka wuce. Haka ruwan wanke hannu. Kwanon da mutum goma suka tsoma hannu a ciki ba wanke hannu ba ne. Ka nemi buta a zuba maka, da sabulu ko ɗan omo. Taifot da amai da gudawa ta nan suke bi, ta ruwa da hannu, musamman da damina lokacin da magudanan birni ke cika su tumbatsa. Ban taɓa ganin mai abincin kirki ta ji haushi don an nemi buta ba.

Rumfa tana da nata rashin. Ba banɗaki, ba wurin ajiye kaya, kuma idan da mace kake tafe akwai takura. Ba zan iya zaunar da Inna ko maiɗakina a benci ɗaya da 'yan dako ashirin ba, su ma ba za su iya cin ko loma ba. A nan ne gidan abinci matsakaici ke da amfani, irin mai ɗaki ɗaya ko biyu, da kujerun roba da fanka da talabijin, wanda za ka samu a kan kusan kowane babban titi. Abincin kusan iri ɗaya ne da na rumfa, sai ƙarin sakwara da miyar agushi, farfesun kayan ciki ko na kan rago, da waina da miya. Kuɗin ya ɗara, amma ana samun inuwa, da wurin wanke hannu mai famfo, wasu ma da labule ko ɓangaren mata. Ga wanda ya kawo iyali asibiti ko sayayyar kayan aure a Kwari, wannan ƙarin kuɗin ba asara ba ne.

Sai dai a irin wannan gida an raba ka da abin da rumfa ta ba ka kyauta, wato ganin tukunya. Madafa tana baya. Abin da ya rage maka shi ne ka auna abin da ba ka gani da abin da kake gani. Ni banɗaki nake fara nema, ko da ba na buƙata. Wanda bai kula da wurin da baƙo zai shiga ya gani ba, ba zai kula da wurin da baƙo ba ya shiga ba. Sai tsumman goge teburi, da farcen mai kawo abinci. Sannan tambaya ɗaya: "Me aka sauke yanzu?" Ba "me kuke da shi" ba, domin wannan za a lissafo maka har da na jiya. Idan yaron ya amsa kai tsaye ya ce tuwo yanzu aka kwashe, shinkafa kuma saura kaɗan ta nuna, to shi za ka ci. Gidan da ya rubuta abinci kala talatin a bango alhali teburi uku ne ke da mutane, ka san yawancinsu daga firji za a ciro su.

Sai gidajen da muke kira na gilashi, irin na Zoo Road da Bompai da Nassarawa, masu na'urar sanyaya ɗaki da ma'aikata cikin kaya iri ɗaya. Ina jin mutanenmu na magana iri biyu a kansu, kuma duka biyun ban yarda da su ba. Wasu na ganin duk abin da aka sayar da tsada a bayan gilashi to tsabtatacce ne. Wasu kuma na cewa ɓarnar kuɗi ce kawai, abincin ba ya ƙosarwa. Gaskiyar ita ce yawancin abin da kake biya a can ba na abinci ba ne. Kuɗin haya ne, da man janareta, da albashin ma'aikata, da sanyin da kake sha. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan kaso ya ƙara nauyi. Abin da za ka biya na faranti ɗaya na soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza zai ciyar da kai da abokan tafiyarka biyu a rumfa, har a sa muku nama. Wasu gidajen kuma sukan ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan abin da aka rubuta. Don haka ka tambayi jimillar kuɗin kafin a zuba. Ba abin kunya ba ne, 'yan birnin ma suna tambaya.

Amma akwai ranar da wurin ya cancanci kuɗinsa. Idan za ka zauna da wanda zai sayi riɗinka ko zoɓonka mota guda, kuna buƙatar wurin da za ku ji maganar juna, ku buɗe takarda, ba a tsaye a kanku ana jiran benci ba. Idan ka kawo yaro ya rubuta jarrabawa ya fito da sakamako mai kyau, ka kai shi ya ga wuri, zai daɗe yana tunawa. Ni na taɓa kai maiɗakina bayan an sallame ta daga awo, kuma har yau tana ba da labarin. Abin da nake so a gane shi ne, ko a can ƙa'idar ba ta canza ba. Shinkafar da ke cikin akwatin gilashi ƙarƙashin fitila, in fitilar ba ta riƙe ta da zafi ba, daidai take da ta cikin kular bakin tasha. Ka duba ko tana tururi, ka duba ko ana juye sabuwa. Gidan gilashin da ya cika da mutane da rana tsaka ya fi wanda ya fi shi ƙyalli amma ma'aikata na zaune suna danna waya. Kuma duk inda wuta ke yawan ɗaukewa, kaza da kifin da ke firji suna narkewa su sake daskarewa, sai gidan da ke da cinikin da zai iya tayar da janareta kullum ne ke tsira daga wannan.

Abu ɗaya nake gujewa a ko'ina, rumfa ce ko gilashi: ɗanyen ganye. Latas da kabeji da karas da aka yanka aka kwaɓa da bama. Mu manoma ne, mun san abin da ake ba lambu. A gefen Kano akwai lambunan da ake shayarwa da ruwan kwatar Jakara, wanda ya ratso tsakiyar birni ya kwaso duk abin da ya kwaso. Ganyen da za a dafa, wuta ta yi maganin ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Wanda za a ci ɗanye kuwa ya dogara ne kacokan ga irin wankin da aka yi masa a wurin da ba ka gani. Na gwammace in bar shi.

Teburin mai shayi ba ya buƙatar dogon bayani. Shi ne mafakar wanda ya iso da sassafe ko ya makara har dare. Amfaninsa a fili yake: ruwan yana tafasa a gabanka, ƙwan a gabanka za a fasa, Indomie a gabanka za ta dahu. Da wuya ka ji wanda shayi ya kayar. Abin dubawa kawai gwangwanin madarar da aka huda tun safe, da kofin da za a zuba maka, ka ce a ɗauraye shi da ruwan zafin butar. Rashinsa shi ne ba ya riƙe mai aikin ƙarfi, kuma idan ka haɗa kauri da burodi da ƙwai biyu da Indomie, kuɗin ya kamo na tuwo da nama, alhali kafin la'asar ka sake jin yunwa.

Inda Kano ta yi mana nisa, wanda ko ni mai son garinmu ba zan musa ba, shi ne gurasa da nama. Gurasar da matan unguwar Jakara ke gasawa a tanderu, a lokacin da take da ɗumi, ba ta da na biyu. A yi maka bandashe, a barbaɗa ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa, ka haɗa da tsire, to ka ci abincin da ya fi na gidan gilashi daɗi a kan kuɗi kaɗan. Sai dai ka lura da ruwan da ake jiƙa gurasar da shi, domin wannan ruwan ba ya ganin wuta. Idan ba ka yarda da shi ba, ka karɓi gurasarka busasshiya a sa maka ƙuli da mai.

Shi kuwa mai tukuba yana da wata al'ada da ke taimakon baƙo, wato ɗanɗano. Kafin ka saya zai yanko maka ɗan yanki a bakin wuƙa. Kada ka karɓa don ladabi kawai, ka tauna da hankali. Naman yau yana da ruwa a ciki, yana da laushi ba tare da ya dagargaje ba. Na jiya da aka shafe da mai aka mayar bakin wuta yakan yi duhu, ya bushe a gefe, ya bar ɗan tsami a harshe. Lokacin nama daga la'asar ne zuwa bayan isha. Tsiren da ka gani a jere da ƙarfe sha ɗaya na safe, ka tambayi kanka yaushe aka yanka dabbar, aka feɗe, aka tsire, aka gasa. Balangu ya fi sauƙin tantancewa domin ana yanka shi a gabanka ka ga cikinsa. Duk wanda ka saya, ka ce a mayar maka da shi kan wuta ya yi zafi sosai, kuma albasa da tumatir a sa maka a gefe. Idan tsaraba za ka kai gida, tafiyar awa biyu ko uku a mota cikin leda ba ta tsire ba ce. Kilishi ne na tafiya, kuma 'yan Agadasawa sun yi suna a kansa.

Abin sha ya fi abinci saurin cutarwa, kuma mun fi sakaci da shi saboda ƙishi ba ya jira. Mutanen Kano ba su manta watan Maris na 2021 ba, lokacin da garin lemon kwaɓawa da ɗan tsami marasa kyau suka shiga kasuwa, mutane ɗaruruwa suka kwanta a asibiti, wasu suka rasu. Tun daga lokacin na daina shan duk wani lemo mai kala da aka ƙulla a leda ko aka ɗura a tsohuwar gora, in ban san wanda ya haɗa ba. Zoɓo da kunun aya da fura da nono duk ina son su, amma ruwa da ƙanƙarar da ke cikinsu ba su hau wuta ba, kunun aya ma ba ya jure zafi, yini guda ya lalace. A birni ruwan leda mai lambar NAFDAC nake sha, ko in cika gorata daga gida. Fura kuwa ina haƙuri sai na dawo, tunda a nan na san Bafulatanar da ke kawo mana nono.

Wurin da na fi jin tausayin mutanenmu shi ne ƙofar asibiti. Mai jinya ba ya cikin hankalinsa, kuɗinsa na tafiya a magani, ba ya son yin nisa da majinyaci, don haka abin da ya fara gani a bakin ƙofa shi yake saya. Shekarun baya Inna ta kwanta a wani babban asibiti a Kano kusan mako uku, ni ne a wurinta. Kwana biyun farko taliya da wake nake saya a bakin ƙofa da daddare, a sanyaye. A rana ta uku ciki ya rikice mini, har na kasa tsayawa a layin karɓar magani. Wata dattijuwa mai shara a ɗakin ta lura da ni, ta ce, "Ɗan nan, in ka kwanta wa zai kula da tsohuwar? Ka bi bayan katangar nan, layi na biyu, akwai gidan da ma'aikata ke aikawa. Ka je da kwanonka kafin ƙarfe ɗaya." Na ce, "Na gode, Baba." Na je na tarar da gida ne na aure, ana sayarwa ta zaure, tuwo ana kwashewa daga tukunya zuwa kwanon mai saye. Da na faɗa wa matar gidan cewa ina da mara lafiya, ta riƙa ware wa Inna miya kafin ta zuba yaji da dunƙule, ba ta ƙara mini ko kwabo ba. Daga ranar har aka sallame mu ban sake cin abinci a wani wuri ba.

Irin waɗannan gidajen ba su da allo, ba su da suna a waya, kuma suna nan a bayan kowace kasuwa da asibiti da makaranta a Kano. Ba a samunsu sai ta bakin mai gadi, ko mai shara, ko ɗan adaidaita sahun da ke tsayawa a wurin kullum. Waɗannan su nake tambaya, ba mai shagon da ke son burge baƙo ba, domin shi zai tura ka inda yake ganin ya dace da girmanka, ba inda shi yake ci ba.

Duk wannan na zayyana wa ƙanena a daren nan, har fitilar zaure ta fara dishewa. Da ya dawo washegari bayan magariba na tambaye shi. Ya ce da sha biyu ta wuce ya ajiye lissafi, ya bar kayansa a shagon da ya yi sari, ya bi wasu 'yan dako uku da ya ga sun nufi wani lungu a bayan Singa. Ya tarar da layi, ya nemi buta, ya ci tuwon shinkafa malmala biyu da miyar taushe da yanka ɗaya. Da ya koma bayan sallah don ya saya wa yaron motarsu, tukwane duk an kife su ana wanki. Matar ta dube shi ta ce, "Ai kai baƙo ne. Nan biyu da rabi mun tashi. Wani satin in za ka zo, ka aiko yaro da kwano tun sha biyu in ajiye maka."